Littattafan da Sha'aban Ya Ba Kogi

Malam Sha'aban yana tsakiyar kwance kan wani tsohon keken ɗinki a rumfarsa da ke kasuwar Azare, sai wayarsa ta yi kuka. Hannunsa duk baƙin mai, sai da ya goge a tsumma kafin ya zaro ta daga aljihu. 'Yarsa ce Adawiyya. Ita kaɗai Allah ya bar masa, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci, saboda haka bai taɓa kama sunanta ba.

"Uwata, kin sauka Katagum lafiya?"

Ko gaishe shi ba ta yi ba, abin da ba halinta ba. Numfashinta kawai yake ji, da kukan awaki daga nesa.

"Baba, Gwaggo ta ƙone shi."

"Ta ƙone me?"

"Aikina. Duka. Taru kaɗai ta bar mini, wai shi yana da amfani."

Ya ajiye sukudireba a hankali. "Saura kwana nawa masu dubawar su zo?"

"Sha biyu."

"Ki zauna nan. Ga ni nan zuwa."

Adawiyya tana shekarar ƙarshe a wata jami'a mai nisan tafiyar yini guda, tana karatun zane da ƙere-ƙeren hannu. Karatun shekara huɗu ne, ita tana cikin ta shida. Shekara ɗaya ta tafi a jinyar mahaifiyarta, ɗaya ta tafi a makokinta, don jarrabawar da ta zauna bayan rasuwar ko rabinta ba ta ci ba. Dokar makarantar kuwa ba ta san shekara ta bakwai ba. In ba ta ajiye aikin kammalawa a gaban masu dubawa ranar da aka tsayar ba, gida za ta dawo hannu rabbana.

Shi aikin, sau ɗaya Malam Sha'aban ya gan shi, bai kuma gane kansa ba. Da ya ji 'yarsa za ta karanci zane, ya ɗauka shanu a bakin rafi za ta riƙa zanawa, irin wanda ake ratayewa a ofis. Ashe a can tuni an wuce wurin. Bayan ambaliyar bara, da kogi ya shiga Katagum ya kwana uku a ɗakunan mutane, Adawiyya ta bi gida gida tana roƙon littattafan da ruwa ya lalata. Ta tara fiye da hamsin. Sun kumbura, laka ta liƙe shafukansu, sun bushe sun zama kamar tubali. Ta zuba su cikin tsohon tarun masunta, ta ɗaure kowanne da igiya, da nufin a rataye tarun sama da kai, mai kallo ya bi ta ƙarƙashi ƙasa tana zubo masa. Ta ce malaminta, Dakta Izzuddeen, ya daɗe yana duban hoton aikin, sannan ya ce ba a taɓa kawo masa irinsa ba. Ranar da ta nuna wa uban, ya zagaya tarun sau biyu, ya ce, "To, Allah ya sa albarka." A ransa kuwa cewa ya yi, wannan ai shara ce aka kama a taru.

Yana jawo ƙyauren rumfa, maƙwabcinsa Yunusa mai zare da maɓallai ya leƙo.

"Malam, lafiya ka rufe tun kafin azahar?"

"Katagum zan je. Aikin makarantar yarinyar nan ne ya sami matsala."

"Wannan na bola?" Yunusa ya tafa hannu. "Ni fa na sha gaya maka. Ɗan wana digiri gare shi, ga shi can yana acaɓa a bakin tasha. Kai da ba ka wuce aji biyar ba, wa yake rubuta wa mutanen layin nan takardar koke in ba kai ba?"

"Yunusa, ka duba mini rumfa."

"Zan duba. Amma ka tambayo mini ita, in an gama karatun shara, a wane ofis ake ɗauka?"

Bai yi dariya ba. A cikin mota, gwiwarsa a matse da buhun wani, maganar Yunusa ta yi ta cinsa, domin tambaya ce da shi ma ya sha yi wa kansa. Amma yana da amsar da ba ya son furtawa. Shekarun baya an buɗe wata cibiyar koyar da sana'a, ana neman mai koyar da gyaran keken ɗinki. Duk Azare an san ba wanda ya kai shi. Ya je, aka ce ya kawo takardunsa. Ba shi da ko ɗaya. Aka ɗauki wani saurayi mai takarda, wanda daga baya yake kawo masa kekunan cibiyar a ɓoye ya gyara masa. Ranar ya rantse, ko da gumin jini ne, 'yarsa ba za ta tsaya a gaban tebur a ce da ita haka ba.

Ya tarar da yayarsa Kaltum a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Adawiyya tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, idanunta sun yi ja, tarun a naɗe kusa da ƙafarta.

"Sha'abu," in ji Kaltum bayan an gaisa, "shari'a ka zo yi mini?"

"Na zo in ji ne, Yaya."

"To ji. Ta jibge mini kayanta a ɗakin baya ta tafi wata biyu. Ƙofar nan ba ta rufuwa, kai ma ka sani. Kaji suna hawa suna kashi a kai. Rannan akuyar maƙwabta ta shiga ta ɓamɓare guda. Na ɗaga abin da ya faɗo, sai ga Bisimilla ɓaro-ɓaro. Ban yi boko ba, amma wannan kam na san shi. Na ce wanda ya fito ke nan, waɗanda laka ta rufe fa? Wa ya san abin da ke cikinsu? Na sa aka haƙa rami a wuri mai tsarki, na ƙone su, na binne tokar, yadda Inna take yi. Ka taɓa ganin Inna ta tsallake takarda a hanya?"

"Gwaggo, da kin kira ni!"

"In kira ki in ce me? Ki ba ni izini in ɗauke sunan Allah daga ƙarƙashin kaji? Takwarar Inna, daga wuta na tsamo ki, kina mini kuka."

"Daga jami'a dai kika tsamo ni."

"Ji mini yarinya! Jami'ar ce za ta amsa miki tambayar kabari?"

Malam Sha'aban ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ciwonsa ke nan tun yana yaro, ba ya iya fushi sai ya gano mai laifi, kuma ga shi ya juya maganar ta kowane gefe bai sami wanda zai ɗora wa ba. Ya zauna a kan turmi ya dafe kai.

Adawiyya ta riga ta kira Dakta Izzuddeen. Ya ce ya tausaya mata, amma hoto ba zai wadatar ba. Mai dubawa daga wata jami'a za ta zo, dole ta ga aikin da idonta, kuma ba shi da ikon ɗaga rana.

Kwana biyu uba da 'ya suna yawo a Katagum cikin zafin bazara. Duk gidan da suka shiga amsa ɗaya ce: ai mun ba ki tun bara, sauran kuwa an zubar. Wani tsohon hedimasta ya tausaya musu ya ba su littafin lissafi guda uku. Ranar ta biyu da yamma, suna zaune a gindin wata tsamiya ƙafafunsu sun yi futu-futu, Malam Sha'aban ya ce, "Mu koma Azare mu saya mana. Mu jiƙa su."

"Sabon littafi ko ya shekara a ruwa sabo ne, Baba. Ba takardar ake kallo ba. Hannun mutum ake kallo. Inda ya naɗe shafi, inda ya rubuta sunansa, inda mai ya ɗiga masa. Littafin da aka zauna da shi ake…"

Ta katse maganar, ta kau da kai ta shiga duban wasu tumaki. Su biyun sun san inda irin waɗannan littattafai suke, kuma ya san ko za ta mutu ba za ta roƙa ba.

Washegari ya ce zai je ya duba rumfa, ya hau mota shi kaɗai. Bai bi ta kasuwa ba. Gida ya wuce, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya zauna a gabansa.

Littafi arba'in da uku ne a ciki. Na addini ba sa nan, suna can a kan kanta inda suka dace. Waɗannan su ne makarantar da ya yi wa kansa bayan mutuwar ubansa ta fitar da shi daga aji biyar. Akwai na labarai da Hausa, akwai na tarihi, akwai wani na taurari da wani direban tirela ya bar masa, akwai ƙamus na Turanci wanda bangonsa ya tafi tun Adawiyya tana rarrafe. Kowanne gefen shafinsa cike yake da ƙananan rubutunsa na biro, inda yake gardama da marubucin.

A can ƙasa, naɗe cikin tsohon ɗankwalin matarsa, akwai wanda ya fi so. Ba shi da bango, ba shi da suna. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya sayi tsire a tasha, aka naɗe masa a wani shafi na Turanci. Ya tsaya yana haɗa baƙi da ƙyar, sai ya ga labari ne. Ya koma ya roƙi mai tsiren sauran littafin. Mutumin ya riga ya yage farko da ƙarshe. Labarin wani mai gadin madatsar ruwa ne. Ruwa ya cika har madatsar za ta ɓalle, ƙofofi biyu gare ta, kowace tana fuskantar gari guda, kuma dole ya buɗe ɗaya. A gari ɗaya mutane sun fi yawa, a ɗayan uwarsa take. Shekara ɗaya da rabi ya yi yana karanta shi da ƙamus a gefe. Da ya kai shafin ƙarshe da ya rage, mai gadin yana tsaye ne hannunsa a kan ƙarfen buɗewa. Abin da ya biyo baya ya tafi da tsiren wani. Cikin shekara talatin da suka wuce, Malam Sha'aban ya rubuta wa labarin ƙarshe har iri uku a fallayen takarda, ya cusa su a bayan littafin, kuma ba wanda ya gamsar da shi.

Daga azahar har aka kira la'asar yana zaune yana awo. Waɗannan littattafai su suka mai da shi mutum, amma ba su taɓa buɗe masa ƙofa ko ɗaya ba. Takardar da za a ba 'yarsa wataƙila ta buɗe mata, wataƙila kuma ta ƙare a ƙarƙashin katifa kamar ta ɗan wan Yunusa. Zai ba da abin da ya tabbata yana da shi saboda abin da ba tabbas. Wannan bai dame shi sosai ba, haka kowane manomi yake yi da iri. Abin da ya tsaya masa a wuya daban ne. Ruwan da ya ci littattafan mutanen Katagum ba wanda ya gayyace shi. Waɗannan kuwa shi zai kai su kogi da ƙafarsa, sannan a rataye su a ce wa baƙi ambaliya ce. Wato zai kashe abin da ya koya masa ƙyamar ƙarya don a gina ƙarya da gawarsa.

Ya rufe akwatin, ya sake buɗewa. Daga ƙarshe ya ɗaure shi da igiya.

Da Adawiyya ta ga ana sauke akwatin daga kan babur a ƙofar gidan Gwaggo, sai ta toshe baki da mayafi.

"A'a, Baba."

"Ba tambayarki na yi ba, Uwata. Amma da sharaɗi. Za ki gaya musu yadda aka yi."

Ta sunkuyar da kai. "In na gaya musu, suna iya cewa ba aikin da aka amince mini ba ne. Duk abin da na rubuta na miƙa, a kan littattafan ambaliya ne."

"In ba ki faɗa ba fa?"

"Laka laka ce. Ba mai ganewa."

"Ke kin gane ai."

Ta ɗago ta dube shi. "Baba, ka yafe mini abin da zan faɗa. Kai in ka faɗi gaskiya, gobe ka buɗe rumfarka. Ni in na faɗa, shekara shida ce."

Maganar ta shige shi kamar allura. Duk tsawon rayuwarsa yana auna gaskiya da ƙarya a kan tabarma, da shayi a gefe, a kan wuyan mutanen cikin littafi. Bai taɓa biyan komai ba. Yanzu kuma yana so ya auna a kan wuyan 'yarsa. Ya tashi ya tafi masallaci. Da ya dawo ya same ta inda ya bar ta.

"Na janye sharaɗin. Kyautar da aka ɗaura wa igiya talala ce. Littattafai nawa ne, na ba ki. Baki kuma naki ne."

Kaltum, wadda duk tana ji daga madafi, ta fito da muciya a hannu.

"Ni ban janye nawa ba. Wallahi in da sunan Allah a cikinsu, ba mai tura su cikin taɓo ina raye. Ko ku cire, ko in sake haƙa rami."

"Yaya, yawancinsu na Turanci ne."

"Su Turawan ba sa ambaton Allah?"

"Suna yi, da harshensu."

"To Allah biyu ne? Cire."

Haka aka yi. Kwana uku suna zaune a inuwar zaure, daga hantsi har rana ta yi sanyi. Malam Sha'aban yana buɗe shafi, yana sa reza yana yanke sunan a ɗan murabba'i kamar ƙwayar masara, yana jefawa a gwangwanin madara da Kaltum ta wanke ta riƙe a cinyarta. Adawiyya tana bi a baya tana sake dubawa. Da wani ne da wata guda bai gama ba, amma shi ya san littattafansa yadda makiyayi ya san shanunsa. Sai ya ce, "Wannan sau huɗu ne, biyu a wajen mutuwar tsohon, ɗaya a wasiƙa, ɗaya a ƙarshe," kuma a duba a tarar haka ne. Wani lokaci hannunsa ya tsaya, leɓɓansa suna motsi.

"Sha'abu, yanka aka ce, ba karatu ba," in ji Kaltum.

"Bankwana nake, Yaya."

"To yi sauri. Ko gawa ba a daɗe mata haka."

Amma a rana ta uku ita ce ta ce ya ba ta labarin mai gadin madatsar. Da ya kai inda littafin ya yanke, ta ce, "Sai me?"

"Nan ya tsaya."

"Kai, amma mai tsiren nan Allah ya isa." Ta ɗan yi tunani. "Ni dai garin uwata ba zan buɗe wa ruwa ba, kowa ya mutu."

"Yara ɗari biyar fa a ɗaya garin, Gwaggo," in ji Adawiyya.

"Su ma ai suna da iyaye, su je su tsare tasu ƙofar."

A karo na farko cikin mako guda Adawiyya ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta tashi ta shige ɗaki.

Da hantsi suka kai littattafan bakin kogi cikin kwanduna biyu. Bazara ta shanye ruwan, sai yashi da 'yan gurabe, da baƙar laka a gefensu. Malam Sha'aban ya naɗe wando ya shiga har gwiwa. Adawiyya tana miƙo masa ɗaya bayan ɗaya.

Bai taɓa sanin littafi ba ya son nutsewa ba. Da ya saki na farko sai ya taso yana yawo a kan ruwa, shafukansa suna buɗewa. Dole ya danne shi da hannu biyu, ya riƙe shi a ƙasa yana jin ƙananan kumfa suna bi ta tsakanin yatsunsa, har su daina. Sannan ya cusa shi cikin laka, ya miƙa hannu a ba shi na gaba. Na taurari ya fi kowanne gardama. Ƙamus kuwa da nauyinsa ya tafi, kamar wanda ya gaji.

Wasu masunta da ke gyaran taru a kan yashi suka bar aikinsu suna kallo.

"Malam, kifin za a sa a makaranta?"

"Ka bar shi mana, tarwaɗa za ta yi digiri!"

Bai ɗago ba. Hawaye da gumi sun haɗu a gemunsa, ba mai iya rabewa.

Da kwandunan suka ƙare, saura wanda ke cikin ɗankwali. Adawiyya ta riƙe shi a ƙirji.

"Wannan ka bar shi, Baba. Arba'in da biyu sun isa. Wallahi sun isa."

Ya tsaya cikin ruwa yana dubanta. Ransa yana so. Ya dubi inda sauran suke kwance cikin laka, gefunansu kaɗai ake gani.

"In na ware wannan, su waɗancan me suka yi?"

Ya karɓa, ya kwance ɗankwalin ya miƙa mata, ya zare fallayen nan uku na rubutun hannunsa ya sa a aljihun gaba. Sannan ya sunkuya ya danna littafin. Bai yi kumfa da yawa ba, takardarsa ta riga ta tsufa.

Suka bar su kwana guda, suka tsamo, suka shanya a kan rufin kwano. Rana ta yi aikinta. Cikin kwana uku suka kumbura, suka ƙage, suka zama tubali. Malam Sha'aban ya ɗauki guda yana juyawa, ya kasa gane wanne ne. Kaltum da kanta ta taya ɗaurin igiya, tana mita tana cewa ita dai har yanzu ba ta ga abin kallo a nan ba. Gwangwanin sunaye kuwa ta kai wurin nan mai tsarki, ta ƙone su a ramin farko, ta binne. Saura kwana biyu Adawiyya ta hau mota da buhuna uku a saman but.

Ranar dubawa Malam Sha'aban ya buɗe rumfa, amma keke ɗaya ya kwance ya ɗaura sau uku. Sai bayan azahar wayar ta shigo.

"Baba, na faɗa musu."

Ya zauna a kan benci. "Ina jin ki."

"Mai dubawar wata tsohuwar farfesa ce. Ta shiga ƙarƙashin tarun, ƙasa tana zubo mata a ɗankwali, ba ta ko kakkaɓe ba. Ashe guda ɗaya ya tsage a mota. Ta ɗaga kai, sai ga rana tana shigowa ta 'yan ramukan da ka yanka. Ta ce, 'Yarinya, ruwa ne ya yi waɗannan tagogin, kusurwa huɗu daidai?' Sai na faɗa musu komai. Gwaggo, da akwati, da reza, da kogi."

"Sai me?"

"Suka fitar da ni. Sun fi awa guda ina jin muryoyinsu. Wani malami ya dage sai an kayar da ni, ya ce ba aikin da aka amince ba ne, kuma da ba a tambaya ba da na yi shiru. Farfesar ta ce ita abin da ta gani ya fi wanda aka rubuta mata. Daga ƙarshe suka ba ni maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi." Ta ja numfashi. "Na fita, Baba. Amma darajar digirin ta sauka mataki guda. Da wadda nake kai, ana iya riƙe ni koyarwa. Yanzu babu wannan."

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi." Sannan halinsa ya motsa, ya kasa dannewa. "Uwata, da ba ta ga ramukan ba, za ki faɗa?"

Ya duba ko wayar ta yanke.

"Ban sani ba, Baba."

"To. Ni ma ban sani ba."

"Akwai kuma wani abu. Sun ce za su riƙe aikin, za a rataye shi a mashigar sashenmu. Ba zan dawo da su ba."

"Da me za a yi da su in sun dawo? Ki ci abinci."

Yana ajiye wayar Yunusa ya leƙo. "Yaya, sharar ta ci?"

"Ta ci."

"Kai, masha Allah! To sai aiki kuma, in ana rabo." Ya ɗan dube shi. "Amma fuskarka ba ta mai murna ba ce, Malam."

"Murna nake. Kana da littafin rubutu a cikin tarkacenka? Mai shafi tamanin."

Bayan la'asar ya koma gida, ya jawo akwatin. Ba komai ciki sai ɗankwalin matarsa da fallaye uku. Ya shimfiɗa su a kan tabarma ya karanta. A na farko mai gadin ya buɗe ƙofar gabas, a na biyu ta yamma, a na uku ya ƙi taɓa kowace ya zauna a kan madatsar yana jira. Duk ukun suna nan daram, labarin da suke ƙarasawa ne yake rataye a wani gari, cike da laka.

Ya buɗe sabon littafin a kan gwiwarsa, ya lashi bakin biro don sabo. Ai ya karanta shi ya fi sau hamsin, zai dawo da shi da Hausa, daga ka. Ya rubuta yadda ruwan sama ya kwana tara yana zuba. Ya rubuta mai gadin da fitilarsa da takalminsa mai ɓula. Ya rubuta sunan garin farko, mai mutane da yawa. Da ya zo kan na biyu, garin da uwar take, biron ya tsaya.

Ya san da harafin da sunan ya fara. Ya san yana saman shafi, ta hannun hagu, kusa da wani ɗigon man keke. Ya rufe ido yana ganin ɗigon man sarai. Ya zauna haka, biro a hannu, har ladan ya kira magariba. Sai ya bar gurbin sunan fili, ya sa murfin biron a tsakanin shafukan, ya tashi ya ɗauki buta.